An Ce Za a Kashe Ta: Jita-jita da Ginin Manhaja a Jos

A ƙarshen Afrilun 2024 labari ya ɓulla daga Amurka cewa kamfanin Google ya sallami ma'aikata daga sassan da ke kula da Flutter da Dart da Python. Sallamar ta faru. Amma kafin mako ya zagayo maganar ta yi ƙiba a hanya, ta iso wayoyin matasanmu masu gina manhaja da wata kama dabam: wai Google ya gama da Flutter, mai hankali ya tattara nasa-ya-nasa. Da Oktoba ya zo, wani tsohon ma'aikacin sashen mai suna Matt Carroll ya sanar da cewa ya ɓalle da nasa reshen, Flock, yana ƙorafin cewa hannuwan da ke riƙe da aikin sun yi kaɗan, ɓangaren kwamfuta kuma an bar shi a baya. Sai wutar ta ƙara ruruwa. Har yau Flutter na nan, ana fitar da sabon zubinta duk bayan 'yan watanni. Wanda kuwa ya watsar da aikin da ya yi nisa saboda abin da ya ji, ya koma farko da wasu kayan gini, babu mai biyan sa wahalarsa.

Mai gina manhajar da za ta zauna a cikin kwamfuta, ba a shafin intanet ba, hanya biyu ce a gabansa. Ko dai ya gina ta 'yar gida, da kayan da mai babbar manhajar ya tanada: a Windows akwai Win32 da WinForms da WPF da WinUI, a Mac akwai AppKit da SwiftUI. Irin wannan takan tashi da wuri, ba ta cinye ƙarfin na'ura, kuma tana jituwa da firinta da na'urar karanta lambar kaya ba tare da dogon lallami ba. Aibinta shi ne ba ta fita daga inda aka gina ta. Ko kuma ya gina ta gama-gari, ya rubuta sau ɗaya da Electron ko Flutter ko Qt ko Java, ta yi aiki a Windows da Mac da Linux, wani lokacin har da waya. A aji ana koyar da cewa buƙatar aiki da kuɗi da lokaci ne ke raba gardama. A bakin aiki kuwa, sau da yawa "an ce" ne ke yanke hukunci.

Su wa ke sayen irin wannan manhaja a wajenmu? Tsaya a shataletalen Farin Gada da ke Jos ka duba. Ga kantunan magani da ke son sanin ranar da kowane kwali zai lalace. Ga makarantun kuɗi masu haɗa sakamakon zango. Ga shagunan buga takardu da ke cin abinci daga ɗaliban Jami'ar Jos da ke Naraguta, ga cibiyoyin da ke horar da yara jarrabawar JAMB, wadda tun 2015 ta koma kan kwamfuta ɗungurungum. Ga kuma dillalan kasuwar kayan gwari, masu lissafin kwandunan tumatir da buhunan kabeji da karas da ake loda wa manyan motoci zuwa Kudu, waɗanda littafi da biro ke riƙe musu bashi, kuma kowane matashin magini yana mafarkin ranar da zai shigar da su kwamfuta. Abu ɗaya ya haɗa waɗannan mutane: dole aiki ya ci gaba ko sabis ya ɗauke, ko data ta ƙare. Jos ta daɗe da sanin wannan. Wahalar intanet da Ba'amurke Cliff Missen ya gani sa'ad da ya zo aiki a Jami'ar Jos a ƙarshen shekarun 1990 ce ta kai ga ƙirƙiro eGranary, rumbun da ake zuba ɗimbin shafuka da littattafai a faifai guda don a karanta ba tare da intanet ba. Daga 2015 kuma, da David Daser ya buɗe cibiyar nHub, garin ya ƙara samun matasan da rubuta manhaja ce sana'arsu.

Dillalin Farin Gada zai riga malamin jami'a gane yadda abin ke aiki. Idan aka wayi gari da raɗe-raɗin za a tare hanyar Kudu, ba sai an tare ba: kowa zai yi gaggawar rabuwa da tumatirinsa kafin ya ruɓe, farashi ya zube, asarar da ake gudu ta tabbata tun mota ko ɗaya ba ta tsaya ba. Kayan ginin manhaja ma rayuwarsu na hannun jama'ar da ke kewaye da su, masu rubuta darussa, masu amsa tambayar sabon shiga, masu toshe ɓaraka. In tsoro ya watsa su, abin ya mutu, ko mai shi bai yi niyyar kashe shi a lokacin ba.

Silverlight ce babbar shaida. Microsoft ya fito da ita a 2007, kamfanoni suka zuba kuɗi a kanta, har Netflix da ita yake nuna fina-finai a kwamfuta. A Oktoban 2010 Bob Muglia, ɗaya daga cikin manyan shugabannin kamfanin, ya shaida wa 'yar jarida Mary Jo Foley cewa dabararsu ta sauya, HTML5 ne abin da suke ganin zai game dandali daban-daban. 'Yan jimloli ne a hira, ba sanarwa ba. Kamfanin ya fito ya yi ta ba da haƙuri, ya fitar da Silverlight 5 a Disambar 2011, ya ci gaba da tallafa mata har Oktoban 2021. Shekara goma cur tana da rai a takarda, amma wa zai aza harsashin sabon aiki a kanta bayan waccan hira? Ana cikin wannan, a Yunin 2011, aka nuna Windows 8 karon farko, aka ce da HTML5 da JavaScript za a riƙa gina sababbin manhajojinta. Masu WPF suka tambayi makomarsu, Microsoft ya yi gum har taron Build na Satumba. Wata uku na shiru sun yi ɓarnar da ƙarya ba za ta iya yi ba.

A nan dole a yi wa masu tsoro adalci, domin ba a banza suke zargi ba. WinForms ta zo a 2002, WPF a 2006, WinRT tare da Windows 8 a 2012, UWP tare da Windows 10 a 2015, WinUI 3 a 2021, kuma kowacce an yi mata shelar cewa ita ce gobe. Amma duba abin da ya biyo baya. A taron Build na 2024 Microsoft ya sake jera WPF, mai shekara goma sha takwas, cikin hanyoyin da yake ba da shawarar a bi. Visual Basic 6, wadda ta fito a 1998 aka kuma daina tallafa wa kayan rubuta ta a 2008, manhajojinta na tashi a Windows 11 har gobe. Wanda ya yi kunnen uwar shegu da duk raɗe-raɗin ya ci gaba da WinForms, bai rasa komai ba sai yabo a wajen taro. Waɗanda suka ji jiki su ne masu saurin amsa kira, waɗanda suka kwashi kayansu suka bi UWP da Windows Phone. Jita-jitar mutuwar tsohon abu ta fi yawan ƙarya. Alkawarin sabon abu ne ya fi yawan tashi a tutar babu.

Mu da muka yi zamani da Nokia muna da namu misalin a aljihu. A Fabrairun 2011 takardar da shugaban kamfanin, Stephen Elop, ya rubuta wa ma'aikatansa ta fita waje, inda ya kwatanta halin da suke ciki da na mutumin da gobara ta ritsa a dandamalin haƙar mai. Bayan 'yan kwanaki aka sanar da ƙawance da Microsoft. Symbian, babbar manhajar wayoyin Nokia, ta tafi ke nan. To Nokia ne ya mallaki Qt tun da ya sayi kamfanin Trolltech a 2008, saboda haka kowa ya ɗauka tare za a binne su. Ba haka aka yi ba. Kamfanin Digia ya karɓe ta gaba ɗaya a 2012, kuma a yau fuskar VLC da ke cikin kusan kowace laftop a Jos da Qt aka yi ta, haka Telegram ta kwamfuta da OBS Studio da VirtualBox. Abin da ya cece ta ba tausayin wani kamfani ba ne. Rubutun umarninta a buɗe yake, kuma tun 1998 akwai yarjejeniya da jama'ar KDE da ta tabbatar ba wanda zai iya kulle ta ya tafi da mabuɗi. Silverlight ba ta da wannan gata.

Gidan Apple nasu salon dabam ne. Kamfani ne mai ɓoye shirinsa, don haka hasashen abin da zai yi ya zama sana'a mai zaman kanta. A Disambar 2017 Mark Gurman na Bloomberg ya ruwaito cewa ana shirin ba da damar manhajar iPhone da iPad ta yi aiki a Mac. Nan take aka fassara shi da cewa AppKit ta gama yawo. A taron Yunin 2018 Craig Federighi ya haska katafaren "a'a" a allo game da haɗe iOS da macOS, amma a 2019 Catalyst da SwiftUI suka fito. Rabin maganar gaskiya ce ke nan, rabi kuma ƙari. Labarin da aka bayar a 2018 cewa Apple zai bar injinan Intel ya koma nasa ya tabbata a 2020. Mafi zafin abin da ya taɓa samun maginan Mac kuwa ba jita-jita ce ta kawo shi ba: a 2007 Apple ya janye alkawarin da ya yi kan zubin kayan gininsa na Carbon mai bit 64, Adobe ya rasa yadda zai yi, sai a 2010 Photoshop mai bit 64 ta iso Mac bayan an sake mata gini.

Na kawo wannan ne don a san tarihin, amma ina ruwan Farin Gada da shi? Kantin magani nawa ka taɓa shiga ka ga Mac a kan kanta? Duk da haka za ka ji matashi yana kare zaɓinsa na gama-gari da cewa "ai za ta yi aiki a Mac", alhali shi kansa ba shi da Mac ɗin da zai gwada ta a kai, balle dala 99 ta rajistar shekara da Apple ke karɓa.

Akwai wata hanyar da jita-jita ke shigowa wadda ta fi wayo, wato karanta motsin manyan kamfanoni kamar duba. A Agustan 2021 masu 1Password suka sanar da cewa sabon zubinsu na Mac zai koma Electron, masoyan 'yar gida suka yi ta kuka. WhatsApp ya fitar da 'yar gida ta Windows a 2022, a 2025 kuma ya juya ya koma naɗe shafin intanet a cikin taga. Sai a ce shi ke nan, 'yar gida ta mutu, tunda ga manya sun gudu. Amma matsalar manya ba taka ba ce. Su suna da dandali biyar ko shida da rundunonin ma'aikata da ke gaza tafiya tare, sabon abu ya fito a nan ya makara a can. Haɗe gini wuri guda yana rage musu albashi da rigima. Kai da ke da kwastoma guda mai kwamfuta uku, duka Windows, wace rigima kake magancewa?

Kuma inshorar da ake nema a gama-gari ba kyauta ba ce, sai dai ba magini ke biya ba. Kowace manhajar Electron tana ɗauke da injin burauzar Chromium sukutum a cikinta. Ko lissafin kwanduna kawai take yi, sai ta haura megabait 100 a faifai, ta kuma kama rabonta na RAM tun ba ta fara aiki ba. A sabuwar na'ura ba a ji. A laftop ta hannu mai RAM gigabait 4 da batirin da ya ga jiya, wadda ake lallaɓawa tsakanin ɗaukewar wuta da tayar da janareta, ana ji sosai, kuma yaron kanti ne ke tsaye yana kallon allo layi na ƙaruwa. Microsoft da kansa, da ya raba Teams da Electron a 2023, abin da ya yi talla da shi shi ne ta ninka sauri ta kuma rage cin RAM da rabi.

Sannan wanda ya gudu zuwa gama-gari don kada wani kamfani ya riƙe masa wuya, ubangida kawai ya sauya. Electron ta GitHub ce asali, Microsoft kuma ya sayi GitHub a 2018 kan dala biliyan 7.5. Injin da ke cikinta yana bin jadawalin Google. Da Chrome ya yi sallama da Windows 7 da 8 a farkon 2023, Electron 23 ta bi sahu a Fabrairun shekarar. Duk cibiyar da ke da tsofaffin kwamfutoci masu Windows 7, kuma ba su yi kaɗan a garuruwanmu ba, sabuwar manhajar gama-gari ta rufe mata ƙofa, alhali tsohuwar 'yar gida na tashi lafiya lau. Xamarin, wadda ita ma aka saya da sunan rubuta sau ɗaya, Microsoft ya daina tallafa mata ranar 1 ga Mayun 2024.

Abin da ba a cika faɗa a fili ba shi ne, ba don kwastoma kaɗai matashi ke zaɓar kayan gini ba. Yana zaɓa ne da ido ɗaya a kan aikin ƙetare. Tun da aka saki naira a Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen 460 a farashin hukuma ta haura 1,500 a Fabrairun 2024, aikin da ake biya da dala ya zama burin kowa. Masu ɗaukar aiki daga waje JavaScript da React da Flutter suka fi nema, ba WinForms ba. Don haka idan aka ce wani kayan gini zai mutu, abin da yaron ke ji shi ne shekarun da zai zuba a kai ba za su sayu a kasuwar aiki ba. Ban ga laifinsa ba. Sai dai a kira abin da sunansa: manhajar mai kemis ta zama filin atisayen magini, kuma mai kemis bai san da wannan ciniki ba. Da za a gaya masa gaskiya, cewa wannan hanya ta fi nauyi a na'urarsa amma ta fi sauƙin samun wanda zai gyara in maginin ya bar gari, wataƙila da kansa zai zaɓe ta. Hujja ce mai ƙarfi, domin maginan namu ba sa daɗewa wuri guda. Yau yana Jos, gobe Abuja ko Legas.

Akwai kuma hujja ta biyu da ta fi ta Mac nesa ba kusa ba. Dandali na biyu a Farin Gada wayar Android ce da ke aljihun mai kanti. Alhaji yana son ya ga cinikin yini yana zaune a gida, dillali yana son ya shigar da kwanduna yana tsaye a gindin mota. Idan aikin na buƙatar waya da kwamfuta tare, Flutter na da abin faɗa, domin tun Fabrairun 2022 zubinta na Windows ya tsaya da ƙafarsa, na Mac da Linux suka biyo a Mayu. Wannan dalili daga bakin kwastoma ya fito, ba daga wata hira a Kalifoniya ba, kuma ana iya gwada shi a kan na'urar da za ta yi aikin kafin a karɓi kafin alƙalami.

To yaya ake auna magana in ta zo? Ni dai abin da na fi dubawa shi ne ko mai kayan yana cin abinci da su. Word da Excel na ainihi ba su taɓa barin Win32 sun koma UWP ba, kuma da Microsoft ya sanar a Disambar 2018 cewa burauzarsa Edge za ta koma kan Chromium, mai lura ya gane inda aka dosa ba tare da wani ya tsegunta masa ba. A ɗaya gefen, VS Code da maginan duniya ke rubutu a cikinta a kan Electron take, shi ya sa rufe takwararta Atom a Disambar 2022 bai girgiza Electron ba. Google ya sake gina Google Pay da Flutter, amma a waya. A kwamfuta kuwa Canonical ne ya fi fito da ita fili, da ya gina manhajar girka Ubuntu da ita a 2023. Ke nan ƙorafin Carroll kan ɓangaren kwamfuta ya cancanci a saurara, ko da shelar mutuwar ƙarya ce. Bayan wannan sai a tambaya: in mai shi ya tafi, akwai wanda doka da iyawa suka ba damar ɗauka? Ko maganar da ta fito daga bakin ma'aikacin kamfani ba wahayi ba ce. A 2015 Jerry Nixon na Microsoft ya ce Windows 10 ce ta ƙarshe, a 2021 aka fito da Windows 11. An kuma yi ta raɗe-raɗin Windows 12 za ta zo a 2024, shekarar ta wuce ba a gan ta ba.

Magini mai dabara yakan rage wa kansa fargaba ta hanyar raba gini biyu: lissafi da ƙa'idojin kasuwanci a gefe, fuskar da ake dannawa a gefe, bayanai kuma a rumbu irin SQLite, wanda D. Richard Hipp ya fara a 2000, masu kula da shi kuma suka bayyana niyyar riƙe shi har 2050. In fuska ta tsufa a sauya ta, bashin kwastomomi da tarihin kaya suna nan inda suke.

Abin mamaki, maganar da ta fi shafar kantunan Farin Gada ba raɗe-raɗi ba ce, a rubuce take da kwanan wata, kuma ita ce aka fi yi wa shiru. Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoban 2025, ƙarin wa'adin tsaro da aka ba ɗaiɗaikun mutane kuma shekara guda ne, zuwa Oktoban 2026. Windows 11 na neman guntun tsaro na TPM 2.0 da injin Intel daga zubi na 8 zuwa sama, in ban da 'yan tsiraru. HP EliteBook 840 G3 da sa'o'inta, waɗanda suka cika shagunan masu sayar da na hannu, ba su cika sharaɗin ba, kuma da farashin dala na yanzu mai kanti ba zai zubar da na'urar da ke aiki ba don an ce ta tsufa. Microsoft ya ce Edge da WebView2, injinta da ake sakawa a cikin manhajoji, za su ci gaba da samun sabuntawa a Windows 10 aƙalla zuwa Oktoban 2028. Ranar da Chromium ya saki Windows 10, Electron za ta bi shi kamar yadda ta yi a 2023, kuma duk wanda ke karɓar kwangilar manhajar kanti ko makaranta a Jos a bana, kan waɗannan kwamfutocin zai girka ta.